Zaɓen Kayan Taje Kare da Rage Gashin da Yake Zubarwa a Gida

A ƙasar Ƙonni, Malbaza da Illela ba a cika ajiye kare don ado ba. Na gadin gida ne, ko na garke, ko na farauta, ko wanda ake ɗaurewa a bakin rudun albasa a garaken Galmi. To amma kowane aiki yake yi, sai ya zubar da gashi, kuma uwargida ce ke fara gani: a tabarma, a darduma, wata rana har a bakin randa. Daga nan sai maganar a aske shi ko a mai da shi ƙauye ta taso. Ba sai an kai can ba. Gashin da zai watsu a tsakar gida ana iya kwashe shi tun yana jikin karen, muddin an sami kayan da suka dace da irin gashinsa. Kayan ba su da yawa, galibinsu ma suna teburin 'yan koli. Bi matakan nan daki-daki, kada ka tsallake.

1. Duba fata kafin ka sayi komai. Kai karen wuri mai haske da hantsi. Sa yatsu biyu ka buɗa gashin wuya, na gadon baya, na gindin wutsiya da na ciki. Fata mai lafiya sumul take, ba ja, ba ɓawo, ba wari. Ka shafa daga kai zuwa wutsiya, ka dubi tafin hannunka. Idan gashi ya biyo hannu daga ko'ina, amma babu inda ya yi sanƙo, wannan zuba ce ta al'ada, mataji zai yi maganinta.

2. In ka ga sanƙo, dakata. Gashin da ya ƙwaƙule wuri-wuri ba aikin buroshi ba ne. Ƙazuwar kare takan fara daga gefen kunne, gwiwar ƙafafun gaba da ciki, kuma karen ba ya barci don susa. Makero yakan fito da'ira-da'ira, yana kuma kama yara idan suna wasa da karen. Ƙuma kuwa ga gwajinta: tsayar da karen a kan farin tsumma mai laima, ka karkaɗe bayansa. Baƙaƙen ɗigo za su zubo. Idan suka narke suka yi ja, kashin ƙuma ne, jinin karenka ke nan da ta sha. Duk wanda ka gani cikin ukun nan, nufi ma'aikatar kiwo ta garinku ko likitan dabbobi tukuna. Kada ka shafa masa baƙin mai, ko kalanzir, ko fiya-fiya, ko maganin feshin wake. Ana yi, na sani, amma fata suke ƙonawa, kare kuma lasar jikinsa yake yi. Karyar da ta haihu ita ma takan zubar da gashi sosai wata 1 zuwa 3 bayan haihuwa. Wannan ba cuta ba ce, abinci take buƙata.

3. Gane irin gashin karenka, don shi ne zai zaɓa maka kaya. Karnukanmu na gida da na 'yan farauta gajeren gashi gare su, a kwance, shimfiɗa ɗaya. Dogon karen nan na Buzayen Azawak, a arewacin jihar Tawa, ya fi kowa siririn gashi, cikinsa ma kusan fata ce zalla. Na waje su ne masu aiki. Karen Jamus da ake kira berje, da ƙaton nan na ƙasar Kokeshiya da ake shigowa da shi ta Najeriya, da ruwa-biyun da suka haifa da na gida, gashinsu hawa biyu ne. Na sama dogo ne mai kauri. Na ƙasa laushi gare shi kamar auduga, kuma shi ne ke cika gida. Tura yatsa cikin gashin cinya: in ka taɓa fata nan take, hawa ɗaya ne. In yatsan ya nutse cikin laushi kafin ya isa fata, hawa biyu ne.

4. Mai gajeren gashi, abu uku sun ishe shi. Na farko buroshin roba mai ƙananan haƙora masu taushi, irin wanda ake wankin kai ko goge doki da shi. In babu, safar hannu ta roba mai gurje-gurje a tafi za ta yi aikin. Na biyu buroshi mai laushi irin na goge takalmi, sabo, wanda bai taɓa ganin man takalmi ba. Na uku tsumma mai tsabta. Ka haɗa da hantsaki don kaska da ƙaya. Ranar Laraba, kasuwar Birnin Ƙonni, zagaye ɗaya za ka haɗa su duka. Kada wani ya ruɗe ka da kayan wayar ƙarfe ko na reza. Kare irin wannan ba shi da gashin ƙasa da za su ciro, fatarsa kawai za su karce.

5. Mai hawa biyu kuwa, nemi waɗannan. Akwai wata 'yar manjagara ta hannu, mai haƙoran ƙarfe dogaye a jere ɗaya ko biyu, masu dasasshen baki. Ita ce uwar aiki, domin tana ratsa gashin sama ta jawo mataccen na ƙasa. Tsawon haƙoranta ya kai zurfin gashin karen. Gajeru sama-sama za su bi. Sai buroshi mai faɗi, mai siraran wayoyi lanƙwasassu, na warware cukurkuɗe a wuya da cinya. Sai mataji na ƙarfe, gefe ɗaya haƙora a ware, gefe ɗaya a matse. Mataji na roba karyewa yake yi, kuma a hunturu yana sa gashi ya miƙe ya manne a tufafi. Manjagarar da buroshin waya ba a cika samunsu a kasuwannin ƙauye ba. Aika a duba maka a shagunan magungunan dabbobi na Yamai, Sakkwato ko Kano. In abin ya faskara, kai wa maƙeri hoto a waya ya ƙera maka, ka tsaya a kansa ya dashe bakin kowane haƙori.

6. Akwai kuma wanda ake yawan talla a Facebook, Furminator da 'yan kwaikwayonsa. Bakinsa guntun ƙarfe ne mai ƙananan haƙora, irin na injin aski. Yana kwasar gashi da yawa, babu musu, shi ya sa yake burge mai kallo. Sai dai in aka danna, ko aka maimaita a wuri ɗaya, yana yanke lafiyayyen gashin sama ya bar fata ja. A ganina sabon shiga ya bar shi sai hannunsa ya faɗa. In ka riga ka saya, sau ɗaya a mako ya isa, a busasshen gashi wanda aka riga aka warware. Kada ka bi da shi ta kan ƙashin baya, ko ciki, ko gwiwa.

7. Gwada kafin ka biya. Naɗe hannun riga, ka ja kayan a cikin damtsenka da ƙarfin da za ka ja wa kare. In ya bar maka farin karce ko ya yi zafi, ajiye shi. Fatar kare ba ta kai ta mutum kauri ba. Girgiza mariƙin ka ji ko yana rawa. Dubi haƙora ɗaya-ɗaya, kada a sami mai tsini ko mai tsatsa. Girma ma a lura: buroshi mai faɗin tafin hannu na ƙaton kare ne, ba ya shiga hammata ko bayan kunne.

8. Injin aski da reza ba sa cikin kayan nan. Idan bazara ta kama, zafi ya haura digiri 40 a Afrilu da Mayu, tausayi kan sa a yi wa berje ƙwal. Kuskure ne. Kare ba ta fatar jiki yake yin sanyi ba, ta haki yake yi, sai ɗan gumi a tafin ƙafa. Gashin sama kamar jinkar ɗaki yake: yaye ta, rana ta sauka kai tsaye. Askakken kare fatarsa na ƙuna, ƙuda da sauro su same shi a buɗe, gashin kuma wani lokaci ba ya dawowa daidai. Zubar ma ba ta tsayawa, gajeru ne kawai za su riƙa faɗuwa, masu soke darduma su ƙi fita. Abin da ke ba shi iska shi ne a cire mataccen gashin ƙasa, a bar na sama.

9. Kafin ka sa hannu, kare kanka. A yi wa karen allurar rigakafin hauka tun yana wata 3, a riƙa sabuntawa yadda likita ya rubuta a takarda. Kusan duk mutanen da ciwon nan ke kashewa a duniya, daga cizon kare suka samo shi. Karen da ba naka ba, ko wanda halinsa ya sauya kwatsam, ba a taje shi. Naka ma in mafaɗaci ne, sa masa takunkumi mai barin baki ya ɗan buɗe don haki, kuma wanda ya saba ba shi abinci ne zai riƙe igiya. In tsautsayi ya sa ya cije ka ko ya yakushe ka, wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, ka tafi likita a ranar.

10. Saba masa da kayan. Ranar farko ba ranar aiki ba ce. Ajiye buroshin a ƙasa ya sansana. Shafa masa bayan buroshin a kafaɗa sau biyu ko uku, ka ba shi ɗan nama ko ƙuli-ƙuli, ka sake shi. Gobe ka ƙara kaɗan. Karen gadi da ya girma ba a taɓa shi zai ɗauki kwanaki kafin ya sake jiki, kwikwiyo kuwa nan da nan. Kada ka buge shi da buroshin ko sau ɗaya. In ka yi, daga ranar ya gama yarda da shi.

11. Zaɓi lokaci da wuri. Da sassafe kafin rana ta ɗaga, ko bayan la'asar. Kada ka yi da tsakar rana, ko karen na dawowa daga gudu yana haki. Nemi inuwa a bayan gida, nesa da madafa, randa, shanyar hatsi da wurin salla. Dubi inda iska ta nufa. Ta hunturu daga arewa maso gabas take busowa, don haka tsaya inda za ta kwashi gashin ta fitar da shi waje, ba cikin ɗaki ba. Shimfiɗa buhu a ƙasa, ka yayyafa masa ruwa kaɗan don gashi ya manne. Sa tsohuwar riga wadda ka ware wa wannan aikin kaɗai.

12. Cire kaska tukuna, kada mataji ya fashe ta. Maɓoyarta cikin kunne, tsakanin yatsu, ƙarƙashin igiyar wuya, hammata da gindin wutsiya. Kama ta da hantsaki dab da fata, ta wajen kai. Ja a hankali, a miƙe, ba fizga ba, ba murɗawa. Jefa ta a gwangwani mai ɗan kalanzir. Kada ka murƙushe ta da farce, kada kuma ka ɗora mata wutar ashana tana jikin karen. In sun yi yawa har ba sa ƙirguwa, ɗaga leɓensa ka dubi dasashi. Ya yi fari? Jini ya ragu, a kai shi likita. Maganin wankan kaska na shanu kada ka auna shi da ka. Awon sa daban, na kare daban.

13. Sai ƙarangiya. Daga ƙarshen damina zuwa kaka, duk karen da ya bi garke ko ya shiga gona a Adar da kwarin Maggiya da ita yake dawowa, har da ƙashin yawo, ga tsidau a tafin ƙafa. A gajeren gashi mataji na ɗauke ta nan take. A dogon gashi takan naɗe ta zama dunƙule, musamman bayan kunne, ƙirji da gashin wutsiya. Ɗiga mata man gyaɗa kaɗan, ka murza da yatsa cikin safar hannu. Riƙe gashin daga tushe da hannun hagu, yadda jan ba zai kai ga fata ba. Da gefen matajin mai warwaron haƙora, fara tsefewa daga bakin gashi kana gangarawa zuwa tushe. Dunƙulen da ya ƙi, zura mataji tsakaninsa da fata, ka yanke abin da ke saman matajin da almakashi. Kada ka taɓa sa almakashi ba tare da matajin ya tsare ba. Fatar bayan kunne takan biyo dunƙule ta ɗago, a yanke ta ba a sani ba.

14. Yanzu taje. Mai gajeren gashi: zagaya da buroshin roba a kafaɗa, haƙarƙari da cinya, kamar mai cuɗa. Gashi zai taru a saman jiki. Share shi da buroshi mai laushi daga kai zuwa wutsiya, ka bi da tsumma mai laima. Minti 5 zuwa 10, an gama. Mai hawa biyu: fara daga cinyar baya, nan gashi ya fi cika. Ɗaga gashin sama da tafin hannu har ka ga layin fata. Ja manjagara daga layin zuwa ƙasa, bin kwanciyar gashi, ja gajere. Matsa sama kaɗan, buɗe wani layin, ka maimaita. Haka za ka bi har wuya, sannan ka juya ɗaya gefen. Nauyin manjagarar ya isa, kada ka danna. Wuri ɗaya kada ya wuce ja huɗu ko biyar. Ka riƙa zare gashin da ya cika haƙora kana tusawa a leda. Daga nan buroshin waya a wuya, ƙirji da wutsiya, da sassauƙan hannu. Mataji ne alƙali: in ya ratsa daga tushe zuwa baki bai tsaya ba, wurin ya yi. Fuska da ƙafafu tsumma kawai. Karen ya fara lasar baki, ko kau da kai, ko gurnani ƙasa-ƙasa? Tsaya haka, a ƙarasa gobe.

15. Wanka bayan taje yake zuwa, ba kafinsa ba. Ruwa na ƙara ɗaure dunƙule. Sau ɗaya a wata ya wadatar, sai in ya yi birgima a ƙazanta. Nemi sabulun wankan kare a shagon magungunan dabbobi, in babu, sabulun jarirai mara ƙamshi. Omo da sabulun wanki suna busar da fata, amosani ya taso, zubar ta ƙaru. Ruwan da ya yini a jarka cikin rana taɓa shi tukuna, yakan yi zafin ƙuna. Cuɗa da buroshin roba, ka kiyaye ido da cikin kunne. Ɗauraye har ruwa ya fito garau, ka ƙara ɗaurayewa. Goge da tawul, ka ɗaure shi a inuwa mai iska a kan siminti ko tabarma, in ba haka ba turɓaya zai nufa. A hunturu sai rana ta yi ɗumi. Ya bushe sarai, sake bi da manjagara. Za ka yi mamakin abin da zai fito a wannan karon.

16. Tattara wurin tun kafin iska ta riga ka. Naɗe buhun, juye gashin a rami ka rufe, ko ka ƙone. Kada ka bar wa kaji su tona, balle in an sa wa karen maganin ƙwari. Wanke kayan da ruwan sabulu, ka shanya su bushe don gudun tsatsa, ka rataye a leda inda yara ba sa kaiwa. Kayan kare na kare ne, kada matajinsa ya haɗu da na mutanen gida. Kare mai ƙazuwa ko makero ma a ware masa nasa. Wanke hannu har gwiwa, ka canza riga. A mazhabar Malikiyya da akasarinmu ke bi, jikin kare mai rai ba najasa ba ne, kwanon da ya yi lallagi a ciki ne ake wankewa sau 7. Duk da haka ba mai son ya tsaya a sahu da gashin kare a kafaɗa.

17. Gashin da ya riga ya shiga gida kuma, busasshiyar tsintsiya tayar da shi kawai take yi. Yayyafa ruwa a daɓe kafin shara. Darduma, kujera da bargo, jiƙa safar roba ka shafa ta gefe ɗaya, gashin zai nannaɗe ka tsince. Ware wa karen makwanci guda, buhu ko tsohuwar tabarma, a wanke duk mako a shanya a igiya. Kada a shanya a ƙasa: da damina akwai ƙudan da ke yin ƙwai a yashi mai fitsari da tsumma mai laima, tsutsarsa ta huda fata ta yi ƙurji mai ido. Dubi bangon da ke kusa da makwancin. Kaskar kare a tsagar bango take ɓuya ta yi ƙwai, sai a yaɓe tsagar.

18. Gyara kwanonsa. Karen da ba ya samun komai sai ɗumamen tuwo da dusa, gashinsa a bushe yake, yana karyewa, ko da wane buroshi ka saya. Ƙara masa dafaffen ƙwai, kifi, ko guntayen nama da kayan ciki daga mahauta, a dafa. Ƙashin kaza dafaffe kada a ba shi, tsagewa yake yi. Ga wanda ya shafe mu nan ƙasar albasa: albasa guba ce ga kare, ɗanya ko dafaffiya, tana farfasa ƙwayoyin jininsa. Ragowar miya ko dafa-duka da ta sha albasa ba tasa ba ce, kuma wanda ke gadin rudu kada a bar shi yana tauna ruɓaɓɓu. Ruwa mai tsabta kada ya yanke masa. Maganin tsutsar ciki duk bayan wata 3, bisa awon likita.

19. Tsayar da ranaku. A Turai tsawon yini ne ke sa kare ya juye gashi gaba ɗaya sau biyu a shekara. A nan bambancin yini mafi tsawo da mafi gajarta bai kai awa 2 ba, shi ya sa namu suke zubarwa kaɗan-kaɗan duk shekara, ko da yake za ka ga ƙari idan ɗari ya wuce zafi ya shigo. Mai gajeren gashi sau 1 ko 2 a mako. Mai hawa biyu sau 3, in zuba ta yi ƙarfi kullum, minti 10 zuwa 15. A lokacin ƙarangiya duba shi duk yamma da ya dawo. Ka ba aikin wata guda. In gashin da ke tsakar gida bai ragu ba, ko karen na ramewa, ko fata ta fara baƙi da kauri, koma wurin likitan dabbobi, ka faɗa masa abin da karen ke ci da duk maganin da aka taɓa sa masa. Larurar da ta fi ƙarfin na kusa, akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Tafi da takardar rigakafinsa a aljihu.